Ƙusar da Na Caka wa Anacleto

Na ɗaga ƙusar da aka ba ni a rumfar zaɓe na caka wa tutar jam'iyyar Anacleto a takardar ƙuri'a, har sai da ta nutse cikin katakon tebur. Tir! Mutumin da ya nuna wa sojoji maɓoyarmu a kan dutse lokacin yaƙi, wai shi ne ɗan majalisarmu.

Ni Abílio ban taɓa shiga aji ba, amma harsashi uku suka same ni ban mutu ba. Wa zai koya mini zaɓe? Bana ma tsofaffin ƙauyenmu sittin na tara a gonar kofi, na ce, "In an ba ku takarda da ƙusa, ku nemi tutar maci amanar nan ku farke masa ciki. Haka nake yi masa duk zaɓe."

Bayan mako guda sai ga mota daga Dili, babban birninmu, a ƙofar gidana, da akuya ɗaure a baya. Anacleto ya fito yana haki, ya rungume ni, turarensa kamar in yi amai.

"Baba Abílio, ashe ka yafe mini! Saura ƙiris in rasa kujerata, ƙauyenku ne ya cece ni."

Na juya wajen matata Ermelinda. "Me karen nan yake faɗi?"

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba.

"Wanda kake so ya ci ake hudawa, jarumi. Shekara ashirin ina gaya maka, kana cewa mace ba ta san yaƙi ba."