Fim ɗin Harisu Dudunni

Tun ba a kai rabin fim ɗin ba Haulatu mai nono ta fara tsaki. Tana layin ƙarshe a ɗakin taron Kankia, ƙwaryarta a gabanta, ko ludayi biyar ba ta sayar ba yau.

Fim ne na rayuwar Harisu Dudunni, mawaƙin da ya rasu bara a haɗarin mota. Tsakani da Allah an yi aiki. Waƙoƙin nasa ne, muryar tasa ce. Ɗan wasan ya kwaso tafiyarsa, har da yadda yake karkatar da wuya in zai yi dariya. Da aka zo nan Haulatu ta sunkuyar da kai.

Sauran kuwa shirme. Ruga an share ta tas kamar ofis, mai tatsar saniya da farcen roba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tafasa mata zuciya shi ne uwar da aka yi wa Harisu. Ta miƙa shi ga kakarsa tun daga yaye. In ya shigo sai ta kau da kai. Ranar da ya yi suna ya zo gaishe ta da ayarin motoci, tashi ta yi ta shige bukka. 'Yan matan da ke layin gaba sai tsine mata suke yi, kuma gobe za a saki fim ɗin a intanet, duniya ta taya su.

Ana kunna fitila ta ratsa mutane ta tare daraktan, Abdullatif, wani tashin Abuja da aka kewaye ana yi masa jinjina.

"Kai yaro, ƙarya kuka yi ma matar ga! Mi kuka sani? Wa ya sai da karsana aka kai mai waƙar ga birni? Ita ce, ta hannun kawunshi, ta ce kar a hwaɗa mishi. Ku cire wurin ga!"

"Inna, sau uku muka aika mata," in ji shi. "Ta ƙi fitowa, ta ƙi cewa uffan. Wace irin uwa ce wannan?"

Haulatu ta harare shi. Yaro bai san gari ba, ya zo yana yi wa mutane shari'a.

Abdullatif ya yafito mai kyamara. "To ga dama. Ki ce, 'Ni wance, na san Harisu, ga gaskiyar zance.' Wallahi zan sa a ƙarshen fim kafin gobe."

Kyamara ta dube ta. Haulatu ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, sai hawaye.

"Kun gani ko?" in ji wata daga layin gaba. "Ko sunansa ba ta sani ba."

Aka kwashe da dariya. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta fita neman motar Kusada, ta bar fim ɗin yadda yake. A rugarsu, ko da yana cikin kabari, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari.