Rigar Bunsuru

Ɗan wasanmu na ƙarshe ya kai wa ƙwallo duka, ya kuskure. A filin San Pedro ne, wasan besbol, ƙwallon da ake duka da sanda. An cinye mu.

Ni ke shiga rigar bunsuru mai rufe mutum har kai, alamar kulob ɗinmu, ina kaɗa tumbi. Tun da muka fara nasara koci ya hana a wanke ta, wai kar sa'a ta bi ruwa. Warin ya bi ni har gida.

"Maigida," in ji matata, "ko sabulu, ko baranda."

Baranda na koma kwana.

Yau kowa hawaye yake. Wata tsohuwa ta rungume ni. "Yi haƙuri, ɗana, har kafaɗunka rawa suke!"

A cikin kan bunsurun, dariya nake.