Ƙafar da Ta Gama Makaranta

Mai askin layinmu ɓarawo ne. Makonnin atisaye ya sace: bai yi atisayen ko na kwana ɗaya ba, ya shiga tseren dogon zango da ƙafar da ba ta taɓa wuce kasuwa ba.

Yayarsa, wadda ta daɗe tana gudu, ta gargaɗe shi: "Kai wawa, kaɗan-kaɗan ake ƙara nisa. Ka yi gudu, ka huta, mako mai zuwa ka ɗora."

"Haba Yaya! Ni da nake wuni tsaye a kan mutane? Ƙafata ta gama makaranta."

Ranar tsere ya zabura kamar wandonsa ya kama wuta. Kafin rabin hanya wani abu ya ce ƙas a ƙwaurinsa, ya zube yana kiran uwarsa.

Likita ya duba hoton ƙashin. "Mece ce sana'arka?"

"Aski."

"To, ban da tsayuwa sai ƙashin ya haɗe."

Yanzu yana zaune a kujerar askinsa, ƙafa a ɗaure, yana kallon mutanensa suna tsallaka titi zuwa shagon abokin hamayyarsa. Jiya shi ma can aka kai shi aski.