Ɓarawon Lambar Motar Ubanku

Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan. Kai Babba, tura ƙofa. Auta, daina taunar cingam a gabana. Ubanku ya tafi aski, kuma kafin ya dawo nake so a gama magana, don ya rantse gobe da safe zai kai ƙarar bakaniken layinmu wurin 'yan sanda, mutumin da suka shekara talatin suna zama a benci ɗaya.

Ga yadda abin ya faro. Wata huɗu da suka wuce takardun motarsa suka ƙare, ya ce in raka shi ofishin sabuntawa. Kun san aikina a motar nan: kujerar gaba, ina faɗa masa "rami", "akuya", "mai keke". A hanya ya rage gudu ya gai da wani dogon mutum a bakin titi, har ya yi fushi ba a amsa ba. Turken wutar lantarki ne.

A ofis aka duba birki, aka duba fitila, aka duba lambar inji. Sai ma'aikaciyar tagar ƙarshe ta ce tunda lasisinsa ma ya kusa ƙarewa, ya shiga layin gwajin ido. Allo ne a bango, manyan haruffa a sama, ƙanana a ƙasa. Ubanku, wanda ko a asibiti bai taɓa bar wa kowa layi ba, sai ga shi yana cewa, "Wuce, ɗana. Wuce, 'yata, ni ba sauri nake ba." Mutum biyar ya bari suka wuce. Kowa na karantawa da ƙarfi, shi kuwa leɓensa na motsi. Da aka zo kansa ya zubo haruffan tas, har da layin ƙasa.

"Baba, ai idonka ya fi nawa," in ji ma'aikaciyar.

"Gado ne, 'yata," in ji shi.

Aka ba shi takardu da sabuwar lamba, gaba da baya, tana ƙyalli. Kwana biyu ta yi a jikin motar. A na uku aka wayi gari babu ita. Ɓarawon kuma mai tarbiyya ne, ya jera notocin a kan bonet, ko ɗaya bai ɓata ba.

Mota ba lamba ba ta hawa titi. Sai rahoton 'yan sanda, sai rantsuwa a kotu, sai hoto, sai cike takarda, sai "Baba, a dawo bayan sati biyar". Aka lulluɓe mota da tamfol. Ubanku ya koma hawan tasi, yana koya wa direbobi tuƙi tun daga ƙofar gida har su sauke shi. A watan ne likita ya tambaye ni wane magani na canja, wai hawan jinina ya sauka.

Lamba ta biyu ta iso. Wannan karon bakanike ya ɗaura ta da hannunsa, ya matse har jijiyar wuyansa ta fito, ya ce, "Wannan kam sai mai kayan aiki." Na kai masa ruwa na tsaya ina kallo, kun san ni da son ganin yadda ake abu. Da yamma ubanku ya tashi motar, ya yi baya, ya bi ta kan keken jikarsa. Yarinyar ta sauka ke nan ta shiga shan ruwa. Ya leƙo ta taga ya ce wa ya ajiye bokiti a hanya. Muka janye keken gefe. Kai Babba, ka taɓa ce masa ya je a duba idonsa, wata biyu bai amsa gaisuwarka ba.

Washegari lamba ta yi ƙafa. Notoci a jere.

Da ta uku ta zo, ya shigo da motar tsakar gida, ya sa kwaɗo a ƙofa. Shi ke gadi tun safe, ni kuma ya ɗora ni a kujera lokacin barcinsa na rana. Na zauna ban gusa daga tsakar gidan nan ba, kuma ku shaida, ko kaza ba ta shigo ta ƙofar ba. Ya farka, ya shafa gaban mota da tafin hannu, ya shafa baya. Wayam.

Nan ya zauna ya yi nasa tunanin. Wa ke da kayan aiki? Wa ya san lokacin barcinsa? Wa katangarsa ke manne da tamu? Ya zura takalmi sai garejin abokinsa, a gaban masu kawo gyara ya kira shi ɓarawo.

"Ni?" in ji bakanike. "Shekara talatin ina lallaɓa maka wannan akwalar, sai yau zan saci lambarta? In yi me da ita, in soya?"

Aka yi dariya, amma magana ta riga ta fita. Cikin sati ɗaya mutum uku sun janye motocinsu daga garejin. Matarsa ta daina amsa sallamata. Jiya na hango shi zaune kan tsohuwar taya, hannunsa fes, ba ko ɗigon baƙin mai, ya zuba tagumi.

To ga abin da na tara ku a kai. In aka yi shiru, gobe za a wulaƙanta bawan Allah kan abin da bai ji ba bai gani ba. In kuwa gaskiya ta fito, jibi ubanku na kan titi, kuma ba kullum yaro ke sauka daga keke ya shiga shan ruwa ba. Ku huɗu ne, duk kun yi karatun da ban yi ba, ku yanke mana hukunci kafin wanzami ya gama da kansa.

Auta, tashi daga gadon nan ki ɗaga katifa ki miƙo wa yayanki. Lambobin duk shidan suna nan, ni na kwance su.