Dutsen Gugar Baba Sibeko

Jirgin ruwa bai gama barin tashar Durban ba aka kira sunan Baba Sibeko ta lasifika, wai ya sauko ɗakin kaya.

Ya sauka yana taku ɗai-ɗai don kada karin wandonsa ya karye. A kan tebur ya tarar da akwatunansa uku a buɗe, ga dutsen gugarsa an jera shi gunduwa-gunduwa. Gindin ƙarfen da ya ɓoye a ƙasan gwangwanin biskit, marikin da ya cusa cikin takalmi, wayar da ya cakuɗa da wayoyin caji, har da ƙusoshi huɗu da ya zuba a kwalbar maganin hawan jini.

"Baba, doka ce," in ji jami'ar da ke tsaron wurin. "Dutsen guga ba ya shiga ɗakin fasinja. In gobara ta tashi a tsakiyar teku, wa zai kawo mana bokiti? Ranar sauka ka zo ka karɓa."

An zalunci mutum, kuma babban mutum. Shekara ashirin da shida Sibeko yana cikin 'yan swenka, mazan da ke gasar ado ran Asabar, kuma ba a taɓa ganin kari biyu a wandonsa ba. Guga a gidansa ba wasa ba ce. Shi da kansa yake tsayawa a kan matarsa MaShezi tun asuba, yana nuna mata da ɗan yatsa inda karin zai bi. Tafiya uku ƙungiyarsu ta yi a jirgin nan, sau uku dutsen ya haye lafiya, sau uku ya ci gasar da suke yi a zauren jirgi rana ta uku.

Wani ne ya kai tsegumi, kuma ya san ko wane ne. Makon jiya, wajen gashin nama a Umlazi, ya bugi ƙirji gaban abokin hamayyarsa Khuzwayo, ya ce shi da dutsensa za su hau tare.

"Khuzwayo ne," ya faɗa wa MaShezi. "Mutumin da kafaɗar kwat ɗinsa ke rataye kamar kunnen jaki."

"Ayya, Baba," ta ce, tana hura farcenta. Ta shafa jan farce, abin da rabonta da shi tun bikin 'yarsu. "Ka kai wa masu wankin jirgi mana."

"In miƙa farin kwat ɗina ga hannun da ban sani ba? Kina ji kuwa?"

Ta ɗauki hularta ta hau sama shan iska.

Ranar farko ya rataye kwat a banɗaki, ya saki ruwan zafi har madubi ya daina nuna shi. Kwat ya fito a jiƙe, yana warin sabulu, yamutsar tana nan daram. Rana ta biyu ya tuna dabarar zamanin da yake kwana a barikin ma'aikata. Ya cika kofin ƙarfe da shayi mai zafi ya dinga gogawa. Kofi ya bar masa zobe ruwan ƙasa daidai aljihun ƙirji. Ya rufe da hankici. Wando kuwa ya shimfiɗa shi ƙarƙashin katifa, ya kwanta a kai tun azahar da dukan nauyinsa, wanda ba kaɗan ba ne, ya ƙi ko juyawa.

MaShezi ta leƙo da kwanon kankana, fuskarta sai sheƙi. Barci take har rana ta take, ta koyi rawa, ta yi ƙawaye daga Soweto.

"Baba, ka ci wani abu."

"Ina guga," ya amsa daga kwance.

Yammacin gasa ya ɗaga katifa. Ƙarafan gadon sun zana wa wandon layi bakwai a gicciye, kamar tsani. Haka ya sanya shi, don namiji ba ya guduwa. Ya shiga zaure ya juya, ya ɗaga hula, ya nuna safa. Wata tsohuwa a sahun gaba ta tambaya da ƙarfi ko sabon yayi ne. Khuzwayo ya ci gasar da kwat na roba wanda ko giwa ta taka ba ya yamutsewa.

"Sibeko, ɗan'uwana," ya ce yana dafa shi, "in ka gama da tsanin, ara mini in hau gado."

"Munafuki! Gobe za ka maimaita gaban shaida."

Da safe, jirgi na tsayawa, ya damƙi hannun Khuzwayo ya ja shi har teburin kayan da aka ƙwace. 'Yan ƙungiya suka biyo baya, MaShezi na can ƙarshe da jakarta.

"'Yata," ya ce wa jami'ar, "dubi fuskar nan da kyau, ki faɗa wa jama'a wanda ya kai ƙarata."

Ta dubi Khuzwayo ta girgiza kai. Sai ta hango MaShezi ta bayan kafaɗarsa, fuskarta ta washe.

"Mama! Gaskiya ba don zanen da kika yi mana a takarda ba, da har yau ba mu gano ƙusoshin nan ba. Yaya hannun, ya samu hutun da kika ce yana nema?"