Sheƙa a Hular Matuƙi

Ranar da kamfani ya kira, matuƙin jirgin saman ya riga ya yi furfura a layin 'yan ko-ta-kwana.

"Wani babba ya kwanta ciwo. Maza, kai za ka tashi!"

Ya suri jaka, ya kai hannu ga hular aikinsa a bakin taga, sai ga kurciya ta yi sheƙa a ciki, har da ɗa. Ba hula kuwa, ba tashi.

"Maigida, bari ya yi fiffike mana," in ji matarsa.

Ya zauna jira, sana'ar da ya ƙware a kai. Kamfani ya kira na bayansa.

Ranar da ɗan kurciyar ya tashi, matuƙin ya raka shi da harara: "Jiya-jiya aka ƙyanƙyashe ka, har ka tsallake layi?"