Motar Dantong Ta Ƙi Tashi

"Sanyi ne kawai ya kama ta, ku ƙara turawa," in ji Dantong daga bayan sitiyari.

Sau uku ke nan maƙwabtansa na Daɗin Kowa suna tura tsohuwar motar, amma ko tari ba ta yi ba. Ga shi kuma shi ne zai kai amarya coci da ƙarfe tara.

Onyekwere mai shagon kayan mota ya dafa gwiwa yana haki. "Oga Dantong, buɗe bonet mu duba mana."

"Shekara ashirin muna tare da motar nan. In fulogi ne zan sani, in mai ne ya ƙi hawa zan sani."

Da kowa ya janye hannu, dole ya fito ya buɗe. Inda batir yake zama babu komai sai wayoyi biyu suna reto. Dantong ya ɗora hannu a ka, ya fara tsine wa ɓarayin unguwa.

Sai ga matarsa Magadaliya ta biyo su da baro, batirin a ciki.

"Baban Loyis, tun ɗazu nake ƙwala maka kira. An ɗauke wuta da asuba, shi ne na jona wa 'yan tsakina fitila don su ji ɗumi."

"Kika bar mu muna ta turi?"

"Mota in sanyi ya kama ta, ga maƙwabta. 'Yan tsaki ɗari biyu fa, in suka ƙi tashi wa zai tura min su?"